Yadda Na Wanke Wa Baba Anzaku Ambulan

Ba zan taɓa mantawa da launin ruwan nan ba, ko da zan manta lambar gidanmu. Shuɗi ne mai kyau, irin na bular da Mama ke sa wa fararen hijaban makarantarmu, ni kuma ina tsaye a kansa da matsefata irin ta cire ƙaya a hannu, ina murmushi kamar likitar da ta gama tiyata lafiya. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko ina cikin keke ko ina tsakiyar lacca, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in kama gyara mayafin da babu abin da ya same shi.

Bari in gaya muku irin mutumin da ke ba ku labari. Ni ce yarinyar nan da ake samu a kowane aji: mai zama layi na biyu kusa da taga, wadda ba a jin muryarta sai an kira suna, wadda ke ja wa kwanan wata layi biyu da rula. Littattafaina duk a naɗe suke da tsohuwar kalanda. Fensirina uku, kowanne da aikinsa. Ina aji biyar na sakandare a nan garin Lafiya lokacin, kuma da za a tambayi 'yan ajinmu abin da suka sani a kaina, iyakarta su ce, "Tana da kilina." (Kilinar nan ta goge fensir, ku riƙe ta a rai. Tana da rawar da za ta taka.)

Abin da ba su sani ba shi ne ina tara kan sarki. E, kan sarki, ɗan hoton nan mai haƙora-haƙora da ake mannawa a kan wasiƙa, a zamanin da kowa ke tura saƙo ta waya kafin ya gama tunaninsa. Daga akwatin tsofaffin wasiƙun Babanmu na fara. Da suka ƙare, na riƙa zuwa gidan waya, in tsaya gaban kanta ina murza gefen hijabi har matar da ke wurin ta gaji ta ce, "To, me kike so?" Sai in tambaya ƙasa-ƙasa ko akwai sabon kan sarki na tunawa. Ranar farko ta ce, "Wa za ki aika wa?" Na ce ba kowa, ajiyewa zan yi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah ya sawwaƙe."

Duk ilimina na wannan harka daga littafi ɗaya na samo shi, a laburaren makaranta. Ba shi da bango, kuma gara ta cinye babi biyu na ƙarshe. Shi ya koya mini yadda ake raba kan sarki da takarda: a sa a ruwan ɗumi, a jira ya saki da kansa, a ɗaga da matsefata, a shanya tsakanin jaridu, a danne da littafi mai nauyi. Na haddace wannan kamar karatun allo. (Daga baya na gano cewa babin da gara ta ci shi ne mai bayanin abubuwan da ba a jiƙawa. Gara ta riga ni karanta shi, kuma ba ta bar mini ko layi ɗaya ba.)

Ƙawa ɗaya gare ni a ajin, Doofan, 'yar Tibi, wadda Allah ya ba ta duk bakin da ya hana ni. Kujerarmu ɗaya. Tana kirana Farfesa, tana ara kayana, ba ta mayarwa. Ita ce ta tona ni ranar da Malam Sabo, malaminmu na tarihi, ya shigo ya ce za a yi bajekolin kulob-kulob, iyaye da baƙi za su zo, shi kuma kulob ɗinsa na tarihi ba shi da abin nunawa sai taswira ɗaya da ɓera ya ci Tafkin Chadi.

"Malam, Farfesa tana da littafi cike da sitam!" in ji Doofan. Na taka mata ƙafa, amma bakin alƙalami ya bushe.

Washegari Malam Sabo ya duba littafin nawa shafi-shafi, ya yaba, sannan ya ce, "Sun yi kyau, amma duk na jiya-jiya ne. Ba ki da tsoho? Wanda zai sa iyaye su ce kai?"

Da na faɗa wa Babanmu, bai yi dogon tunani ba ya ce, "Ai sai Baba Anzaku."

Baba Anzaku tsohon maƙwabcinmu ne, mutumin Eggon, wanda ya yi aikin gidan waya tun yana saurayi har ya yi ritaya. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Maman Ovye, ita ke aiko mana da shinkafa da kaza ranar Kirsimeti, mu kuma mu aika musu da naman layya. Ta rasu ina firamare. Bayan haka ɗansa Ovye ya ɗauke shi ya mayar da shi gidansa a Azuba, can bayan gari. Baba Anzaku ne ya raɗa mini suna Akawu, tun ranar da ya ga rubutuna.

Ranar Asabar Babanmu ya goya ni a mashin muka tafi. Muka same shi ƙarƙashin bishiyar kashu yana sauraron rediyo. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya miƙe da sauri kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba. Ya fito da gwangwanin biskit, ya zazzage a kan tire: kwabo mai huji, sisi, sule, da wani kuɗin tunawa mai faɗi wanda ya ce ba na kashewa ba ne, na ajiya ne. Duk sun yi baƙi, wasu har da tsatsar kore. Sai ya sake komawa ɗaki, ya dawo da Littafi Mai Tsarki. Ya buɗe tsakiya, ya zaro wani ambulan a cikin farar leda.

(Ku tsaya nan tukuna. Dattijo ya ciro abu daga tsakiyar littafin ibadarsa, da hannu biyu. Ko akuya ce a wurin, ai ta san wannan ba abin wasa ba ne.)

"Akawu," ya ce, "wannan ban taɓa ba kowa ba. Ko Ovye bai taɓa riƙe shi ba. Amma na ga yadda kake kama takarda. Kai mai hankali ne." Baba Anzaku kowa "kai" ne da "shi" a wurinsa, mace da namiji, kamar yawancin tsofaffin garinmu. "Labarin shi ba zan ba ka yanzu ba. Ka ce ma malamin ku ya ba ni makirfo ranar, zan faɗa da baki na."

Tambayoyi sun kai goma a bakina. Ambulan ɗin wa ne? Me ya sa yake cikin leda? A yadda yake za a nuna shi? Amma ya riga ya juya wajen Babanmu sun shiga zancen takin zamani, ni kuma katse manya abu ne da ban taɓa yi ba. Na ce, "Na gode, Baba," na haɗiye sauran.

A gida na shimfiɗa komai a kan tebur na ƙare musu kallo, sai zuciyata ta ba ni shawarar da ta fi kowace muni a rayuwata. Ta ce: manyan mutane za su zo, firinsifal za ta zo, a ce kayan Baba Anzaku ne waɗannan masu dauɗa? Ai abin kunya ne gare shi. Tsufa ne ya sa ya kasa gyara su. Ke da ya yarda da ke, ki fitar da shi kunya.

Da kuɗin ƙarfen na fara. Na matse lemun tsami, na ɗebo toka a murhu, na ɗauko soson ƙarfen Mama. Na yi ta dirza har hannuna ya yi ja. Mama ta zo wucewa da tsintsiya ta tsaya.

"Ke, kuɗin mutane kike wankewa?"

"Gyara su nake yi, Mama."

"Ikon Allah. Da tukwanena kika yi wa wannan hidimar da na sa miki albarka."

Suka fito fes, suna ƙyalli kamar ɗan kunnen amarya. Gaskiya hoton da ke jikin kwabon ya ɗan shafe, amma na ce wa kaina dama can haka yake.

Sai ambulan. Ya yi ruwan ƙasa-ƙasa don tsufa, babu komai a cikinsa. A gaba akwai kan sarki huɗu a jere, na tunawa da lokacin da ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama, masu hotunan motoci da tituna. An buga musu hatimi mai zagaye, rabinsa a kan kan sarkin, rabinsa a kan takarda. Ƙasa da su wani rubutu ne na shuɗin tawada, mai lanƙwasa da jela, irin wanda ba a yi yanzu: sunan wata Ladi, a garin Assakio. Ban san wata Ladi ba. Na juya baya, sai na ga abin da ya ɓata mini rai. Wani ya yi jagwalgwalo da fensir, manyan baƙaƙe a karkace, ɗaya ma ya juya baya: NA YARDA. LADI. Nan take na yanke hukunci cewa ɗaya daga cikin jikokin Baba ne ya samu fensir. Har tsaki na yi.

Na buɗe jaka in ɗauko kilina in goge shi tas, don kada baƙin fensir ya ɓata mini ruwa. Babu kilina. Tun ranar Laraba Doofan ta ara. Na karɓi wayar Mama na kira ta.

"Farfesa, saboda kilina kika ƙona kati? Abeg, zan kawo miki ran Litinin."

"Yau nake buƙata."

"To ki zo Tudun Amba ki karɓa, ina wanke wa ƙannena kai."

Na kashe wayar ina huci. Na ce ba komai, ruwa zai yi maganinsa.

A ƙa'ida, almakashi ake sawa a yanko gefen da kan sarkin yake, a jiƙa shi kaɗai. Amma ni, don tsabar ladabi, na ga bai kamata in sa wa takardar dattijo almakashi ba. Sai na tsoma ambulan ɗin gaba ɗaya a cikin roba. Kun ji inda shuɗin ruwan ya fito. Ina kallo rubutun nan mai jela ya narke, ya bazu kamar hayaƙi, ni kuwa ina cewa a raina, ka ga dauɗar shekaru tana fita. Kan sarkin huɗu suka saki ɗaya bayan ɗaya, ko haƙori ɗaya bai gutsure ba. Takardar da ta rage, tun da ni ba na iya jefar da takarda, na ɗaga ta a yadda take na sa tsakanin jaridu, na ɗora ƙamus a kai, na manta da ita.

Na jera kan sarkin a kan baƙin kwali, na auna tazarar da ke tsakaninsu da rula. Kuma da yake Allah ya nufa sai na kafa wa kaina shaida, na ɗauki farin kwali na rubuta da Turanci, da mafi kyawun rubutuna, "Yadda aka tsabtace waɗannan kayan tarihi," mataki-mataki, daga na ɗaya har na biyar. Babu wanda ya sa ni.

Ranar bajekoli aka kafa kanofi a filin makaranta. Iyaye suka cika kujeru, ana ta fifita da takardar shirin taro. 'Yan kulob ɗin kimiyya sun yi dutse mai aman kumfa, 'yan girke-girke suna ta rabon cincin. Teburinmu yana can gefe, ni da Doofan muna tsaye a bayansa. Na manne farin kwalin a jikin teburin da salatif ta kusurwa huɗu, na ƙara da ƙusoshin allo, don kada iska ta ɗauke shi.

Ovye ya kawo Baba Anzaku a mota. Baba ya sa tsohuwar kwat ɗinsa mai ruwan toka, an goge ta har tana sheƙi. Aka wuce da shi kai tsaye wurin manyan baƙi, bai biyo ta teburina ba, sai dai ya ɗago mini hannu daga nesa. Na ɗaga masa ni ma, cike da alfahari.

Da aka ba shi makirfo, ya fara da kwabo da sisi. Ya ce baƙin da ke jikin tsohon kuɗi shi ne furfurarsa, masu tara irin waɗannan kaya shi suke dubawa, wanda ya goge shi ya rage masa daraja. Doofan ta dubi tiren da ke ƙyalli a gabanmu, ta dube ni. Na ce a raina, to, an yi kuskure kaɗan, ba a mutu ba.

Sai ya ce, "Amma abin da na zo domin shi, ambulan ne."

Ya ce yana matashin akawu a kanta aka kawo kan sarkin nan. Ranar da aka fara sayar da su, ya sayi jeri ɗaya da albashinsa, ya manna, ya buga hatimin ranar da hannunsa. Ya ce irin wannan shi ake kira ambulan ɗin ranar farko, kuma darajarsa duka tana cikin haɗuwar abu uku ne: kan sarki, da hatimi, da takardar. "In ka raba su," ya ce, "kamar ka raba kunkuru da ƙoƙon shi ne."

Na saci kallon baƙin kwalin da ke gabana.

Ya ce a lokacin akwai wata yarinya mai sayar da shinkafa a kasuwar Assakio, ya yi shekara yana bin ta, ta ƙi ba shi amsa. Ta ce ba za ta amsa wa mai ilimi da baki ba, sai ranar da ta iya rubutawa da hannunta. Tana zuwa ajin manya a coci da yamma. Shi ne ya rubuta mata wasiƙa ya sa a wannan ambulan. Sati uku shiru. Rannan sai ga direban wata motar doya ya shigo gidan waya yana tambayar Anzaku, ya miƙa masa ambulan ɗinsa. Wasiƙar ta riƙe, ambulan ɗin ta dawo da shi. "Na ce shi ke nan, ya ƙi ni. Sai na juya baya."

Mata suka ce, "Eyya!"

"Ya rubuta da fensir, na yarda. Da sunan shi a ƙasa, Ladi. Shi ne Maman Ovye. Shekara tara ke nan da ya rasu, kuma duk duniya ba ni da rubutun hannun shi sai wannan. Yana can a teburin yarinya na Akawu. Ku zo ku gani."

Aka yi tafi. Wata mata kusa da mu har da share hawaye.

Ladi. Shekara bakwai ina cin shinkafar matar nan, ban taɓa sanin sunanta na yanka ba. Wa ke sanin sunan uwar wani? Maman Ovye ce, shi ke nan.

"Farfesa," in ji Doofan ƙasa-ƙasa, "wane ambulan yake faɗi?"

Na sa farce ina ƙoƙarin ɓamɓare farin kwalin. Amma wa ya manna shi? Ni. Kuma in na manna abu, ya mannu.

"Yesu," in ji Doofan. "Kin kashe mu."

Ga su nan tafe: firinsifal a gaba, Baba Anzaku da sandarsa, Ovye, Malam Sabo da makirfo mai doguwar waya, iyaye a baya, har da Babanmu. 'Yan aji suka ɗaga wayoyi.

Baba Anzaku tiren ya fara gani. Ya ɗauki kwabon ya juya shi, ya kai kusa da tabarau.

"Wannan na waye?"

"Naka ne, Baba." Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Kwabo na ya yi bilicin?"

Fili ya ɗauki dariya. Shi ma ya ɗan murmusa, kuma wallahi da nan abin ya tsaya da na gode wa Allah. Sai idonsa ya sauka a kan baƙin kwalin. Kan sarki huɗu, a jere, tsirara, kowanne da guntun hatimi a gefensa. Murmushin ya tafi.

"Akawu. Ina gidan su?"

Malam Sabo kuwa, wanda tun da aka fara jawabi yake can yana faɗa da mai janareta bai ji komai ba, ya ga dama ta samu ta nuna ƙwazon ɗalibarsa. Ya ce, "Baba, ai yarinyar nan ba ta wasa. Komai ta rubuta. Bari in karanta wa jama'a." Ya sunkuya ya karanta da Turanci, sannan ya fassara da Hausa, don kada wani ya tsira bai ji ba.

"Mataki na ɗaya, an dirje kuɗin da toka da lemun tsami. Madalla! Na biyu, an tanadi ruwan ɗumi a roba. Na uku, an tsoma ambulan ɗin gaba ɗaya har tawada ta fita." Nan ya ɗan rage murya, don ya ga fuskar firinsifal. "Na huɗu, an ɗaga kan sarki da matsefata. Na biyar, an kawar da takardar da... da ba ta da amfani."

Makirfo ya yi wata ƙara. Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi." Daga can baya wani ɗan ajinmu ya ce, "Wanki da guga!" Wasu suka fashe da dariya, suka kuma haɗiye ta da sauri. Na hango Babanmu yana kallon takalmansa kamar yau ya fara ganinsu.

Na so Baba Anzaku ya yi faɗa. Na so ya ɗaga sandar nan. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen kwat, ya mayar, ya sake duban kwalin, ya daɗe.

"Layi ya miƙe," ya ce. "Ka iya layi."

Sai ya juya ya ce, "Ovye, kai ni gida." Ko tiren bai waiwaya ba.

Ban san yadda na iso gida ba. Babanmu bai yi mini faɗa ba, ya ce kawai, "Gobe za mu Azuba. Ki tattaro duk abin da ya rage." Na shiga ɗaki na ɗaga ƙamus, na buɗe jaridun. Ga takardar nan ta bushe ta yi kamar ganda. Gabanta fari fat, sai inuwar shuɗi, da gurbi huɗu inda kan sarkin suka zauna shekaru, da rabin hatimi. Na juya ta don in sa a leda.

NA YARDA. LADI.

Yana nan. Ya ɗan dushe, amma yana nan, har da harafin da ya juya baya. Ashe ruwa ba ya wanke fensir. Na zauna daɓas a ƙasa, na fito tsakar gida da rarrafe kusan, ina nuna wa Mama ina kuka ina magana, ba ta gane ko ɗaya ba sai da na maimaita sau uku.

"Tashi," ta ce. "Ba gobe ba, yanzu. Tsohon nan ba zai kwana da wannan a ransa ba." Ta zari mayafi, ta kama zakaran da take kiwo don Sallah, ta ɗaure masa ƙafa ta dangwara mini. "Ba a zuwa ban haƙuri hannu rabbana. Ke kika yi, ke za ki riƙe."

Haka muka shiga keke har Azuba, kan sarki da kuɗin a jaka, ambulan a hannun dama, zakara a hagu yana yi mini kashi a siket ɗin makaranta.

Muka same shi ƙarƙashin kashun nan, ko kwat ɗin bai cire ba, rediyo a kashe. Mama ta gaishe shi ta fara ba da haƙuri. Ni na durƙusa na miƙa masa takardar, kuma don wauta ba ta ƙarewa, ta gaba na miƙa, wajen da babu komai. Ya duba ya ce a hankali, "Rubutu na ya tafi."

"Baba, juya," in ji Mama.

Ya juya. Ya bi baƙaƙen da yatsa, a sama-sama, bai taɓa su ba. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake da hawaye a ciki.

"Maman yara," ya ce wa Mama, "ka gani? Ni shekara nawa ina koyon rubutu, ticha yana duka na da rula a yatsa. Ruwa ɗaya ya kwashe. Shi wata uku ya yi a aji, nashi ya tsaya. Haka yake tun yana da rai. In ya faɗi magana, ya zauna."

Sai ya dube ni, dariyar ta ɗauke.

"Akawu, ka yi laifi. Babba. Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Kunya nake ji, Baba."

"To. Kunyan tambaya da na yau, wanne ya fi nauyi?"

Zakara ne ya amsa, ya yi cara a hannuna.

Ya sa na ɗauko kan sarkin na mayar da kowanne gurbinsa da matsefata, ba gam, ina daidaita rabin hatimi da rabinsa har zagayen ya haɗu. Ya ce ba zai koma yadda yake ba, masu tara kan sarki ba za su ƙara kallonsa ba, amma dama ba don su ya ajiye ba. Ya sa a leda ya mayar tsakiyar littafinsa. Sauran kuɗin ya karɓa, kwabon kuwa ya miƙo mini. "Riƙe wannan. Ban san shi ba." Zakaran ma ya karɓa, bai yi ko tayin a mayar ba.

Sunan Wanki da Guga ya bi ni har na gama makarantar. Mama kuwa ta samu abin da take nema, duk tukunyar da ta kama sai ta ce, "Kira mini mai goge tarihi." Har yau ina tara kan sarki, har yau ina zuwa Azuba gaishe da Baba Anzaku, kuma yana nuna mini kayansa. Sai dai kafin ya buɗe gwangwanin yakan ce, "Hannu a baya, Akawu." Ni kuma in mayar da su baya, in yi ta tambaya har ya gaji.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa faɗa masa ba, ku ma don kun yi nisa da Azuba ne. Ranar Litinin bayan abin, Doofan ta ajiye mini kilinata a kan tebur, ta cinye rabinta da haƙori, ta ce, "Ga kayanki, kada ki sake ƙona mini kati." Na dubi kilinar nan na tuna abin da na yi niyyar yi da ita. Ruwa ya yafe wa Maman Ovye, ni da ban yafe mata ba. Abin da ya tsaya tsakanin rubutunta da hannuna ba hankalina ba ne, ba littafin laburare ba ne, rashin mayar da aro ne na Doofan.

Na tura mata ita na ce ta riƙe har abada. Tun daga ranar, in na ga abu ya tsufa ya yi baƙi hannuna ya fara ƙaiƙayi, sai in tambayi mai shi tukuna. In kuma wani ya ari kayana ya ƙi dawo da su, ba na bin sa. Wa ya sani, ƙila wata baiwar Allah yake ceta daga gyarana.